Fis Uku da Kaka Bai Ƙona Ba

Ranar da Kaka ya rasu, falonmu na Al-Sadd ya ɗauki mutanen da ban san bene ɗaya zai iya ɗauka ba. An yi waya daga Zariya da hantsi, kafin azahar har an kai shi makwancinsa, mu kuwa muna Doha, ba abin da muka iya sai shimfiɗa darduma. Takalma suka taru daga ƙofarmu har bakin lif. Maƙwabcinmu ya leƙo, ya ga tulin, ya tambaye ni a hankali ko kanti muka buɗe. Da na gaya masa, sai ya dafe ƙirji, ya koma ya fito da kujerun gidansa kaf.

Umma, wadda ita ce 'yarsa ta fari, tana ɗaki da mata, carbi a hannu, ba ta kuka kuma ba ta magana. Abba yana falo da maza. Ni ce mai kai shayi tsakanin ɗakunan biyu, don haka ba abin da aka faɗa da ya wuce kunnena. Abin da na lura shi ne, duk wanda ya shigo, da ya gama "Ya haƙuri, Allah ya jiƙansa," sai ya zarce da maganar mota. Wannan ya ce fitilarsa, wancan ya ce batirinsa. Wani likita abokin Abba ya fara da nasiha a kan mutuwa, ya ƙare da labarin waifa. Kai ka ce shugaban direbobi ne ya rasu, ba tsohon da ya zo aikin ido ba.

Anti Nas, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ke zaune a hawan da ke ƙasanmu, tun daga matakala muka ji kukanta. Ta rungume Umma tana cewa, "Babanmu ne duka, ba naki ke kaɗai ba." Kawun ƙawata Najma kuma, wani direba mutumin Kumasi da muke kira Kawu saboda girmamawa, ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi karɓar shayi. Can ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi tsohon nan, hannunshi bai taɓa kuskure ba. Ko sau ɗaya."

Abba ya dubi darduma. Ya ce, "Ɗan'adam ne, ba a rasa kuskure. Allah ya yafe masa nasa."

Kowa ya ce amin. Ban da ni, don na san kuskuren da Abba yake nufi, kuma na san ba na Kaka ba ne. Nawa ne. Kaka ya ɗauke shi ya ɗora wa kansa, saboda Abba ya riga ya rantse cewa laifi ɗaya ya rage mini a mayar da ni makarantar kwana a gida. Ya tafi da shi Zariya, yanzu ga shi ya tafi da shi kabari. Shi ya sa nake wannan rubutu. Amma bari in fara gaya muku ko wane ne shi, don ku san girman abin da na bari aka ɓata.

Kaka rewaya ne, wato mai gyaran wayar mota. Tun Umma ba ta zo duniya ba yake da rumfa a Sabon Garin Zariya. Ya zo Doha a cire masa yanar ido, da niyyar mako uku, da kaya kala uku da butarsa ta gida, don ya ce bai yarda da butar ƙasar waje ba. Bandejin bai gama fita daga idonsa ba korona ta rufe hanya. Mako uku ya zama abin da ya zama.

Gidanmu kuwa ya koma gidan kunya. Kaka ba ya kiran sunan Umma, ba ya ma kallonta sosai, 'yar fari ce. Abba suruki ne, in Kaka ya shigo falo sai ya tuna yana da aiki a ɗaki. Manya uku a gida ɗaya, an hana kowa fita, kuma ba wanda zai iya ce wa wani miƙo gishiri. Sai ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake kirana, ni kuma ina ce masa "ɗana mai furfura". Shi zai ce, "Uwata, gaya wa yarinyar nan miyar ta yi yaji," alhali yarinyar nan tana zaune taku biyu daga shi. Ni kuma in juya in ce, "Umma, ya ce a ƙaro yaji." A haka na mulki gidan wata da watanni.

Abin da ya ceci Kaka daga haukan zaman ɗaki shi ne motar Abba. Abba injiniyan lantarki ne a kamfanin gas, takardunsa sun cika bango, amma motarsa ta girme ni. In aka tayar da ita sai ta yi tari kamar mai neman a tausaya mata. Kaka ya gan ta a inuwar ajiye motoci da ke ƙasan benenmu, idonsa sabo fil, ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Wannan ce kaɗai 'yar'uwata a garin nan."

Kayan aikinsa duka a gwangwanin alewa suke: filaya mai siririn baki, sukundireba biyu, salatif, guntun sanfefa, da ƙwan fitilar mota guda da ya haɗa wa wayoyi biyu. Wannan ƙwan shi ne likitansa. Ya maƙala waya ɗaya a jikin ƙarfen mota, ya taɓa ɗayar a inda yake zargi. In ya kama, akwai wuta, in bai kama ba, a ja baya a sake taɓawa, har a iso inda wutar ta tsaya. Abba ya taɓa aiko ni da wata na'urar awo mai lambobi, wai in ba shi kyauta. Kaka ya jujjuya ta, ya ce in yi godiya, ya ajiye ta a kan taga yana danne labule da ita.

Kafin ya taɓa komai, sai ya shinshina. Zai zura kai ƙarƙashin sitiyari ya ja numfashi kamar mai sayen turare, ya ce, "Roba ta ƙone a nan, amma ba yau ba." Sannan ya yi tambayoyi fiye da ɗan sanda: yaushe ta fara, me ka kunna, an wanke motar, wa ya taɓa ta kafin ni.

A kan fis ne ba ya wasa. Ga wanda bai sani ba, fis ɗan ƙaramin abu ne mai kala, da siririn ƙarfe a cikinsa, wanda ke tsinkewa in wuta ta yi yawa don kada waya ta kama da gobara. Kaka yana cewa, "Fis mai gadi ne. In ka tarar da mai gadi a kwance, ba sabon mai gadi za ka fara nema ba. Ɓarawon za ka nema." In ja ne ya ƙone, ja zai mayar, in shuɗi ne, shuɗi. Wanda ya sa mai babbar lamba don kada ya sake ƙonewa, Kaka yana cewa kurma ya ɗauka gadi. Wanda kuwa ya naɗe fis da takardar azurfa ta kwalin sigari, wannan ba ya ma samun karin magana. Kallo kawai yake samu, irin wanda ke sa babban mutum ya tuna da laifinsa na firamare.

Kawun Najma ya sha wannan kallon. Ya zo da tsohuwar motarsa yana rantsuwa an yi masa asiri: in ya taka birki sai tirafiketa ta kama, in ya kunna tirafiketa sai fitilun baya duka su yi ta ƙyafta ido. Har ruwan addu'a ya yayyafa mata. Kaka ya saurare shi har ƙarshe, ya buɗe but, ya kwance wata baƙar waya da ke ɗaure a jikin ƙarfe, ya nuna masa tsatsar da iskar teku ta tara a wurin. Ya goge da sanfefa, ya ɗaure. Shi ke nan.

Kawu ya ce, "Baba, aljanin fa?"

Kaka ya hure tsatsar daga tafin hannunsa ya ce, "Ga shi nan ya tashi. Wuta in ta je aiki sai ta komo gida ta jikin mota. Ka toshe mata hanya, ta bi ta gidan maƙwabta. Kai ma da haka za ka yi."

Na Anti Nas kuwa daban ne. A lokacin tana aiki a sashen masu korona, kuma mutanen benenmu sun mayar da ita dodo. In ta shiga lif, kowa sai ya tuna yana son motsa jiki a matakala. Batirin motarta ya riƙa mutuwa kullum da safe, gareji a rufe, ba mai son ya matso ya ba ta wuta. Wata safiya Kaka ya hango ta daga taga, tsaye da kayan aiki a gaban mota, ta kifa kai a kan bonet. Ya sa takunkumi biyu, ya ɗauki gwangwaninsa.

Umma ta ce, "Gaya masa shekarunsa ba na wannan kasadar ba ne."

Kaka ya ce, "Gaya mata cutar a jikin mutum take, ba a jikin batir ba."

Wannan karon ban canza ko kalma ba.

Ya sa Anti ta tsaya can jikin ginshiƙi, ya ce ta wurgo makulli, ya wanke shi da sanitaiza kamar zai yi masa wankan suna. Ya gano akwai abin da ke shan wuta bayan an kashe mota. Ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har shan ya tsaya a kan na fitilun ciki. Na rufi a kashe, na akwatin gaba a kashe. Saura na but, kuma ba a sanin ko ya mutu sai an rufe. Na ce zan shiga. Ya ce, "Uwata ba ta shiga but ina raye." Tsoho ya tattare babbar riga, ya naɗe kamar tabarma, ya ce in rufe. Na rufe. Anti ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu, ni ina lissafin yadda zan yi wa Umma bayani. Sai muka ji murya daga ciki, cikin natsuwa: "A kunne yake. A buɗe ni."

Ɗan maɓallin ne ya lanƙwashe. Ya miƙe shi da filaya. Tun daga ranar, duk Asabar sai mun tarar da kwanon gwaten acca a ƙofarmu, Kaka kuma yana shanyewa yana cewa ya yi tsami.

Da hanya ta buɗe ya koma Zariya. Ya dawo bayan shekara biyu a sake duba idon, zuwan kuma ya faɗa daidai lokacin gasar kofin duniya. Garin ya cika, tutoci ko'ina, mutane na waƙa a jirgin ƙasa. Kaka bai damu da ƙwallo ba ko kaɗan. In ana nuna wasa, shi fitilun filin yake kallo. Ana ihun an ci, shi yana cewa, "Kai, wanda ya ja wayar nan ya san aiki."

Ni kuma a wannan tsakanin na tara tarihi. Ba zan lissafa duka ba, akwai waɗanda har yau ba a gano ba. Wanda ya kai Abba bango shi ne ranar da na taɓa kwamfutarsa, ya shiga taron ofis na bidiyo da kunnuwan zomo a kansa, ya yi bayani na minti ashirin a kan tsaron ma'aikata bai sani ba. A ranar ya buga takardar neman shiga wata makarantar kwana a gida, ya cike ta, ya manna a jikin firji. Ya ce, "Saura ɗaya." Kullum in na je shan ruwa sai mun gaisa da ita.

Sai Farfesa ya zo. Shi ne malamin da ya koyar da Abba a jami'a, mutumin da har yau in ya kira waya Abba miƙewa tsaye yake yi. Abba ya samo musu tikitin wasan la'asar a Al Rayyan, wata ƙasar Afirka ke bugawa. Ana gobe wasan, Kaka ya ce ba a ɗaukar babban baƙo a motar da fitilar cikinta ke rawa. Ya sauka ya gyara. Abba ya dawo daga aiki ya ga ƙafafun surukinsa a waje, sauran jikin a ƙarƙashin sitiyari, ya gaida ƙafafun, ya wuce.

Abin da ba wanda ya gani shi ne, da yammacin nan Umma ta aike ni ɗauko jaka a motar. Na zauna a gaba ina gyara hijabi a madubi, don madubin mota ya fi na ɗakina faɗin gaskiya. Allurai uku ne a hannuna, na rasa inda zan ajiye, sai na zare cajar Abba na zuba su a ramin da ake soka ta. Da na gama na zaro biyu. Ta ukun ta shige ciki, na ce gobe na ciro. Goben tana da nata shirin.

Yadda Abba ya ba da labari daga baya, sun fito wayarsa saura kaɗan ta mutu, ya ce ai mota za ta cika ta. Tikitinsu biyu a cikin wayar suke, taswirar hanya ma haka. Yana soka caja, rediyo ya ɗauke ɗif. Ya tsaya a gefen titi, ya buɗe akwatin fis, ya ga ɗaya ya ƙone, ya sa na ajiya. Ya ƙone. Ya sa mai babbar lamba, injiniya guda, Allah ya sa Kaka bai gani ba. Shi ma ya ƙone. Waya ta mutu a tsakiyar hanyoyin da aka rufe saboda wasa. Suka yi ta zagaye Al Rayyan kamar masu neman gidan biki. Da suka isa, sai da Abba ya bi baƙi yana roƙon aron caja, Farfesa na tsaye a rana da hularsa. Sun shiga ana saura minti kaɗan a tashi, an gama cin duk ƙwallayen da za a ci.

Da magariba Abba ya dawo. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya shiga ɗaki wajen Umma, ƙofa ba ta rufu duka ba, muka ji ya ce, "Shekara nawa motar nan ba ta taɓa yi mini haka ba. Jiya aka taɓa ta. Wannan shi ne gyaran bakin titi."

Kaka yana falo yana jan carbi. Yatsunsa suka tsaya a kan ƙwaya ɗaya. Ni kuwa allurar nan ta faɗo mini a rai, amma a lokacin ban tabbata ba, ko in ce na ƙi in tabbata.

Faɗan da ya biyo baya shi ne mafi ladabi da aka taɓa yi a duniya, kuma duka ta bakina aka yi shi.

Kaka ya ce, "Uwata, ce wa Injiniya a ba ni makulli in duba."

Abba ya ce, "Ce wa Baba ya huta, kada ya wahalar da idonsa. Za a kai gareji."

"Ce masa idon nan shi ya biya aka gyara, yana gani sarai."

"Ce masa an gode. Khalas, magana ta wuce."

Suka yi wa juna sai da safe da murmushi. Ban taɓa jin gida ya yi sanyi haka ba, kuma ba na'urar sanyi ba ce.

Washegari Abba ya bi motar kamfani. Kaka ya aike ni wajen Umma in karɓo makullin ajiya. Ta miƙo ba ta ɗago kai ba. Muka sauka. Bai sa sabon fis ba, sai ya soka wayoyin ƙwan fitilarsa a gurbin wanda ya ƙone, ya murɗa makulli. Ƙwan ya haska tar.

Ya ce, "Kin gani? Ɓarawon yana ciki har yanzu. Ƙwan zai riƙe wutar, ba abin da zai ƙone. Duk abin da muka cire hasken ya mutu, shi ne."

Ya fara da aikinsa na shekaranjiya, ya raba wayar da ya haɗa. Haske na nan. Ya cire wayar rediyo. Haske na nan. Ya cire ta madubin gefe. Haske na nan. Ni kuma zufa ta gama wanke ni, ina addu'ar a yi girgizar ƙasa ƙarama, wadda ba za ta ji wa kowa ciwo ba. Ya haska tocila cikin ramin caja, ya daɗe yana kallo, ya zura filaya. Ƙwan ya mutu.

Allura ce mai kan ɗuwatsu ruwan hoda, bakinta ya yi baƙi. Ya dube ta. Ya dubi gefen kunnena, inda 'yar'uwarta ke zaune lafiya lau.

"Uwata, kun san juna da wannan?"

Na ce, "Duk Doha ana sayar da irinta."

"Haka ne. Duk Doha kuma a motar Injiniya suke ɗaura hijabi."

Na fashe da kuka, na gaske, ba irin wanda nake yi in ana rabon aiki ba. Ya bar ni na yi. Ya mayar da wayoyin da ya cire, ya sa fis shuɗi a gurbin shuɗi, ya soka caja, ta kawo. Sannan ya ce, "Takardar nan ta jikin firji, da gaske yake?"

Na gyaɗa kai.

"To. In ya dawo ki ce masa an gyara, a yi haƙuri. Iyakarta ke nan. Yau ɗaya kada ki ƙara gishiri."

"Zai ce kai ne."

"Ai ya riga ya ce." Ya rufe gwangwaninsa. "Ni kwanan nan zan koma Zariya, sunana can yake, ba wanda zai rage masa ko kwabo. Ke kuwa in aka tura ki, yarinyar nan za ta rage daga ita sai bango huɗu a saman bene. Na zauna a ciki, na san yadda yake."

Yarinyar nan, wato Umma. Shekara goma sha biyar ina tare da su, ban taɓa jin ya faɗi abin da ya fi wannan kusa da cewa yana sonta ba, kuma a inuwar ajiye motoci ya faɗa, ga wadda ta fi kowa rashin cancantar ji.

Na isar da saƙon yadda ya ce. Abba ya ji "a yi haƙuri", ya ɗauka amsa laifi ne. Ya ce ba komai, sannan cikin dabara ya karɓi makullin ajiya daga wajen Umma, ya haɗa da nasa a aljihu. Mako biyun da suka rage wa Kaka a Doha, bai sake taɓa mota ba. Yakan sauka bayan la'asar, ya zagaya ta, hannuwa a baya kamar mai duba gonar wani. Wata Juma'a kuma, a gidan likitan nan, na ji Abba yana ba abokansa labarin cikin raha, yadda surukinsa ya yi masa rewaya har ya rasa wasa. Aka yi dariya. Ina riƙe da faranti, ban ce komai ba. Ni da ake cewa bakina ba ya rufuwa ko ina barci.

Wata uku bayan ya koma aka yi wannan wayar ta hantsi.

Kwana bakwai ina kai shayi ina kawo kofuna, maganar Abba ta "ba a rasa kuskure" tana bina ɗaki-ɗaki. Takardar tana jikin firji har lokacin, gefenta ya fara naɗewa. Rana ta takwas Abba ya zo ɗaukata daga makaranta, don bai koma aiki ba tukuna. Na shiga gaba. Muka yi tafiya kaɗan, na ce, "Abba, ranar wasan nan, ba Kaka ba ne."

Na faɗa masa duka, tun daga madubi har filaya, har abin da Kaka ya ce a kan Umma. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Ya sa tirafiketa, ya gangara gaban wani masallaci, ya kashe mota. Ya daɗe yana kallon ramin cajar.

Ya ce, "Bayan na karɓe makullin, sau nawa ya aiko ki ki tambaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya cire tabarau ya rufe ido da tafin hannu. Ban taɓa ganin kafaɗun Abba suna rawa ba. Na juya ina karanta allon wani kantin wanki har na haddace lambar wayarsu.

Da ya ɗago, sai ya ɗauki waya ya kira Farfesa, ya buɗe murya yadda zan ji. Bayan gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar da na faɗa maka a kan surukina ranar wasa, ba haka ba ne. Na zalunci bawan Allah. Aikinsa lafiya yake, shi ne ma ya gano abin da ni na kasa. Ga mai laifin, za ta yi maka bayani da bakinta." Ya miƙo mini. Na yi wa Farfesa bayanin allurar hijabi tun daga Doha har Najeriya, muryata kamar ta ɗan akuya. Daga nan sai likita. Daga nan sai duk wanda ya yi dariya a wannan Juma'ar, ɗaya bayan ɗaya, Abba na tuno su yana kira, ni ina maimaitawa. Mutum shida. Kafin na shidan na iya labarin kamar karatun allo.

Da ya tayar da mota na tattaro sauran ƙarfin halina na ce, "Abba, takardar firji fa?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Wanda aka yi wa laifin ya riga ya yanke hukunci. Wajen wa zan ɗaukaka ƙara?" Muka hau titi. Can ya ƙara da cewa, "Abin da ya faɗa a kan uwarki, in mun je gida ki gaya mata. Yadda ya faɗa."

Na gaya mata a kicin, tana yanka albasa. Ta ajiye wuƙar, ta zauna a ƙasa, ta yi kukan da ta riƙe kwana takwas.

Allah ya jiƙan ɗana mai furfura, rewayan Sabon Gari. Ya yafe masa kurakuransa na gaskiya, waɗanda ni ban san ko ɗaya ba, ya ba shi haske a kabarinsa wanda ba ya ɗaukewa.